Kafin a ɗaga ƙaramar kat-kat: me ake samu, me ake asara?

A shirinmu na makon jiya wani ɗan uwa da ke neman abincinsa a Abijan ya aiko mana saƙon murya. Ya tara kuɗi ya sayi Suzuki Jimny ta hannu, ya aiko da ita ƙauyensu can arewacin Dakoro, don ta riƙa kai marasa lafiya da mata masu naƙuda likita, ranar kasuwa kuma ta kai tsoho. To ƙanensa da ke tuƙa ta ya yi masa kukan cewa cikinta na gogar ƙasa a hanyar da manyan motoci suka rarake. Shi kuwa ya ga ana sayar da wasu kaya da ake ɗaga irin wannan mota da su ta ƙara tsayi. Tambayarsa ita ce: ya saya ya aiko, ko ya bari?

Lokaci bai ishe mu ba a kan iska, shi ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta. Amsarmu a taƙaice: ana iya ɗaga ta, amma kaɗan, kamar santimita 4 ko 5, kuma da cikakkun kaya. Wanda ya wuce nan a kan motar da za ta ɗauki mutane, to ya sayi tsayi ne da lafiyarsu. Ga dalili.

Ku duƙa ku leƙa ƙarƙashin Jimny, ko yayarta Samurai da har yanzu ake gani jefi-jefi a garuruwanmu. Za ku ga wani dogon ƙarfe ya haɗa tayar hagu da ta dama, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Shi ne makanikai ke kira pon. A jikinsa akwai wani ƙulli mai kama da tulu, inda haƙoran da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji suke. Wannan tulun shi ne abin da ya fi kusa da ƙasa a motar, kuma sau da yawa shi ne ke fara karo da tudun yashin da ke tsakiyar hanya. A jikin pon ne resor suke haɗe, su kuma suna ɗauke da shasi da dukan jikin motar. Samurai tana da resor irin na faifayen ƙarfe da aka jera, waɗanda ake ce wa lam. Jimny da aka fara yi daga 1998 tana da na murɗaɗɗen ƙarfe.

Yanzu ku lura da kyau, don nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu. In aka sa resor masu tsawo, abin da ke samansu ne ke tashi: shasi, inji, kujeru, rufi. Pon da tulunsa suna nan inda suke, ko taƙi ɗaya ba su ɗaga ba, tun da a kan tayoyi suke zaune. Jimny ta 1998 zuwa 2018 ta fito daga masana'anta da tazarar santimita 19 tsakaninta da ƙasa, sabuwar da ta fito a 2018 kuma santimita 21. Ko an ɗaga ta har sai an sa tsani kafin a shiga, in dai tayoyin nan ne, tazarar tulun ba ta canza ba. Abu guda ne ke ɗaga tulu, wato taya mai girma.

Ita ma tayar, ribarta ba ta kai yadda ido ke gani ba. Tsohuwar Jimny kan zo da taya mai lamba 205/70 R15, tsayinta kusan santimita 67. In aka koma 215/75 R15, tsayin ya zama 70 da ɗan wani abu. Amma rabin ƙarin ne ke zuwa ƙasa, rabin yana sama. Ke nan tulun ya tashi da abin da bai cika santimita 2 ba. Kar ku raina shi, a hanyar da aka rarake santimita 2 kan raba wanda ya wuce da wanda ya kwana yana haƙa da hannu. Sai dai a san cewa iyakar abin ke nan.

To in haka ne, ɗaga resor mene ne amfaninsa? Yana da shi. Yana buɗa wa babbar taya wuri don kar ta riƙa gogar jikin mota in an murɗa sitiyari ko an faɗa rami. Yana ɗaga tsakiyar motar, inda ƙaramin buwat yake, don kar ta rataye a kan tudu ƙafafunta na lilo. Yana kuma ɗaga hancinta da gindinta, abin da ke taimako wajen gangara busasshiyar korama da haurawa. Saboda haka tambayar farko da za mu yi wa ƙanen nan ita ce: ina ne daidai ke gogar ƙasa? A duba inda fenti ya goge, inda ƙarfe ke ƙyalli. In tulu ne, taya ake bukata. In tsakiya ce ko gindi, maganar resor ta taso.

Akwai ma tambayar da ta riga wannan. Motar da ta shekara goma sha biyar tana aiki kafin ta sauka a Kwatano ko Lome, resor ɗinta sun gaji, ta riga ta zauna. Sau da yawa sababbin resor na asali da amortisa masu rai kan mayar mata da tsayin da ta rasa, ba tare da an taɓa tsarinta ba. A tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin jikin motar da ke samanta, a rubuta lambobi huɗun nan. In wani gefe ya fi wani sauka, an ga inda ciwon yake.

Idan an tabbatar ɗagawar ake so, hanyoyin ba ɗaya ba ne, kuma ba duka muke yaba wa ba. Akwai masu cusa guntayen roba mai tauri ko ƙarfe tsakanin shasi da jikin mota. Wannan jiki kawai yake ɗagawa, ya ba taya wuri, shasi na nan. Akwai masu ɗora zobe a kan tsohon resor. Yana da araha, kuma in bai wuce santimita 2 ko 3 ba ana zama lafiya da shi, sai dai resor ɗin da ya gaji gajiyayye ne ko an ɗora masa me. A kan Samurai kuwa mun saba ganin dabarun gida. Wani ya ƙara tsawon ƙarfen da lam ke rataye a jikinsa, bai san rabin abin da ya ƙara kawai zai samu ba, ga shi motar ta fara rangaji. Wani ya kai lam wurin maƙeri a gasa su a lanƙwasa. Wuta tana kashe ƙarfin irin wannan ƙarfe, bayan ƴan watanni ya sake kwantawa ko ya karye, kuma ba a gareji yake karyewa ba, a tsakiyar daji ne. Wani ma ya ciro lam daga ƙarƙashin pon ya mayar da su samansa, motar ta tashi fiye da santimita 10 a yini guda. Wannan na masu wasan hawan duwatsu ne a ƙasashen da ake irin wannan wasa. Motar da za ta ɗauko mai naƙuda da dare ba ta da gami da shi.

Abin da muke nufi da cikakkun kaya shi ne resor huɗu da aka yi wa wannan motar musamman, da amortisa huɗu masu tsawon da ya dace da su, sannan ƙananan abubuwan da za mu ambata yanzu. Su ɗin nan ne mai sayarwa kan bari a baya don farashi ya yi daɗin ji.

Na farko tiyon birki. Daga shasi zuwa pon akwai tiyon roba da man birki ke bi. An yanka shi daidai da tsayin motar na asali. In aka nisanta shasi da pon, duk lokacin da taya ta faɗa rami ta saki jiki, tiyon nan ne ke miƙewa kamar tsirkiyar baka. Ranar da ya tsinke, direba zai taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Dole a sa masu tsawo, a kuma fitar da iska daga birkin bayan an sa. A wurin nan ma akwai wayoyin ABS ga motar da ke da shi, da wasu siraran tiyo na iska da ke kulle tayoyin gaba na tsohuwar Jimny in an sa kat-kat. In ɗaya ya zare, direba na ganin ya sa kat-kat alhali tayoyin baya kaɗai ke ja.

Na biyu ya fi wuyar gani da ido. Ku dubi ƙafar gaba ta moto ko keke, ai ba a miƙe take cak ba, ta ɗan kishingiɗa baya. Wannan kishingiɗar ce ke sa moto ya bi hanya sak, kansa ya dawo daidai bayan kwana. Mota ma tana da irinta. Pon ɗin gaba na Jimny wasu hannuwan ƙarfe biyu ne ke riƙe da shi daga baya, in aka ɗaga shasi sai hannuwan su karkata, su juya pon ɗin, kishingiɗar ta ragu. Sai ka ga motar na yawo a kan kwalta, direba na ta kamo ta hagu da dama kamar mai kora akuya. Maganinsa wasu robobi ne na musamman da ake sawa a bakin hannuwan su mayar da pon mazauninsa. In kayan da aka tallata muku babu su, ku tambaya kafin ku biya.

Sai kuma wata sanda da ke kwance a gicciye, kanta ɗaya a shasi ɗaya a pon, wadda ke hana pon zamewa gefe. Sunanta sandar Panhard. Mota na tashi, sai sandar ta ja pon ɗin gefe guda, ka tsaya a baya ka ga taya ɗaya ta leƙo waje ɗaya ta shige ciki. A santimita 5 abin ba yawa, amma sandar da ake iya ƙara wa tsawo ita ke daidaita shi. Kardan ma, wato sandar da ke juyawa tana kai ƙarfi ga pon, yakan ƙara karkata, kuma a tabbatar na gaba ba ya taɓa shasi in tayoyi suka sauka iyakarsu.

Ga wani gargaɗi da direbobin Jimny suka sani. Wani lokaci ana cikin tafiya, taya ta taka wani ɗan rami, sai sitiyari ya kama makyarkyata da ƙarfi har sai an rage gudu sosai. Yawanci asalinsa sassan da suka riga suka ci ne: bodis ɗin da tayar gaba ke juyawa a kansu in an murɗa sitiyari, robobin da suka saki, ko tayar da ba a daidaita nauyinta ba. Ɗagawa da manyan tayoyi suna fito da wannan ciwo fili. Don haka duk abin da ke kaɗawa a gaban motar a canza shi tun kafin a ɗaga.

Ranar aikin, mai mota ko wakilinsa ya tsaya a wurin. Ba don rashin yarda ba, don akwai abubuwan da gaggawa ke sa a tsallake. Shasi ya zauna a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙwari, a kan ƙasa mai tauri. Kirik kaɗai ba abin dogaro ba ne, balle tubalin siminti a kan yashi, ga yaron gareji kwance a ƙasa. Murɗaɗɗen resor da aka matse yana da ƙarfin da zai fasa fuska in ya kuɓuce, a saukar da pon a hankali har ya saki da kansa. Wasu kayan, resor na gaba da na baya, har na hagu da na dama, ba ɗaya ba ne, a karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Sannan notin da ke ratsa robobi ba a ɗaure su tamau motar na rataye. Sai an sauke ta ta zauna da nauyinta a kan tayoyi. In aka ɗaure a sama, robar na zama a murɗe, ba ta daɗewa ta yage. A kan mai lam kuma, ƙarafan nan masu kama da ƙaho da ke ɗaure lam da pon, sababbi ake sawa.

An gama? Da saura. A sake auna wuraren nan huɗu, a kai ta a daidaita tayoyin gaba, a sunkuyar da fitilu don kar su riƙa kashe idon masu zuwa. Bayan tafiyar kilomita 500 a koma a sake bin kowane noti. In an canza taya, a canza har da ta safiya, don kat-kat ba ta son tayoyi masu bambancin girma. Direba kuma ya sani agogon gudu ya fara yi masa ƙarya: da tayar 215/75, in allura ta nuna 80, yana kusa da 84 ne. Ƙaramin injin nan mai lita 1.3 zai ji nauyin tayar a yashi, lisansi ma zai ɗan ƙaru. Yana da kyau kuma a sanar da kamfanin asiransi, a tambayi masu bizit teknik, tun kafin wani abu ya faru a fara ja-in-ja.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damunmu. Duk wanda ya taɓa loda kara a amalanke ya san cewa in kaya suka yi tsororuwa, ɗan gangare kaɗan ya isa ya kifar da shi, alhali buhunan gero da suka fi nauyi, in suna kwance a ƙasa, lafiya lau ake tafiya. Haka mota take. Waɗannan ƙananan Suzuki gajeru ne, ba su da faɗi, kuma tun asali suna da ɗan tsayi. A 1988 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada Samurai ta ce tana da saurin kifewa in an yi kwana ba zato. Cinikinta ya faɗi a can, kamfanin Suzuki ya musa har ya kai ƙara kotu a 1996, sai a 2004 suka sasanta. Ko wa ke da gaskiya a wancan rikici, motar da aka yi gardama a kanta ba a ma ɗaga ta ba. Duk santimitar da aka ƙara, nauyin motar ne ke hawa sama, faɗinta kuwa yana nan. A yashi ana tafiya sannu abin ba ya nunawa. Inda yake nunawa shi ne kan kwaltar Maradi zuwa Damagaram, ana gudu, jaki ya faɗo hanya, direba ya fizgi sitiyari.

A nan ne muke roƙon ƴan uwa su fahimci wani abu. Mun san yadda ake yi a ƙauye: da zarar mota ta tashi, ta daina zama in an loda ta, sai a ce ai yanzu ta yi ƙarfi. Resor ne suka yi tauri. Birki na nan yadda yake, pon na nan, shasi na nan. Tsohuwar Jimny, duka abin da aka yarda ta ɗauka, har da direba da fasinja, bai wuce wajen kilo 350 ba. Manya huɗu sun cinye kusan 280. In aka ƙara buhun gero ɗaya mai kilo 100, an riga an wuce. Rufinta kuwa abin da masana'anta ta yarda a ɗora masa bai kai rabin wannan buhu ba. Motar da aka ɗaga, aka kuma ɗora mata buhuna da jarkoki a ka, ita ce amalanken karan nan. Garin gyaran gira kar a rasa ido.

Ruwa ma haka. Damina in ta kankama, Gulbin Maradi da Gulbin Kaba da ƙananan koramu sukan zo da ƙarfi cikin awa guda. Santimita 5 ba ta mayar da mota kwalekwale. Inji na shaƙar ruwa ya mutu, pon mai zafi na zuƙar ruwa ya gauraya da mansa, ita kuma motar da nauyinta bai fi ton ɗaya da kaɗan ba, ruwa mai gudu ɗaukarta yake yi. Direban da ya ga motarsa ta yi tsayi yakan yi ƙarfin halin da da can ba zai yi ba, wannan ma yana cikin kuɗin ɗagawa da ba a rubutawa a takardar ciniki.

Maganar yashi kuwa, akwai dabarar da ba ta cin ko dala, kuma tsofaffin direbobin hanyar Agadas sun fi kowa saninta: rage iskar taya. In aka sauke ta zuwa wajen kilo 1 ko 1.2, tayar na shimfiɗa ƙafa kamar raƙumi, motar ta hau kan yashi maimakon ta haƙa. Sai a tafi sannu, ba kwana mai kaifi, kuma da an hau hanya mai tauri a mayar da iska, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Ke nan ƙaramin famfon da ake jonawa da batir, da abin auna iska, da shebur, da farantan ƙarfe biyu na fita daga yashi, sun fi cancantar shiga kayan farko da za a aiko gida.

Masu Vitara ko RAV4 su yi haƙuri, tasu ƙafar gaban daban take, kowace taya da hannunta. A kansu ɗagawa na ɗaga cikin gaba da gaske, amma tana karkatar da ƙananan kardan na tayoyi, robarsu ta yage, yashi ya shiga. Za mu ware musu rana.

Ga ɗan uwanmu na Abijan, abin da za mu ce ke nan. Ƙanenka ya fara duba inda ke gogar, ya auna tsayin ƙafafun nan huɗu, ya turo maka hoto. In resor sun zauna, sayi na asali da amortisa, wataƙila magana ta ƙare nan. In har sai an ɗaga, nemi kaya na santimita 4 ko 5 da aka rubuta an yi su don shekarar motarka, ka karanta lambar shasi daga kart giriz ka ba mai sayarwa, ka ƙirga da idonka: resor, amortisa, tiyon birki, robobin hannuwan gaba, sandar gicciye. Taya kar ta wuce 215/75. Ka kuma ware kuɗin makanike mai ƙafafun ƙarfe da makullin auna ƙarfin ɗauri, ko da sai an kai motar Maradi. Wanda ke da irin wannan mota kuma ya taɓa ɗaga ta, ya bugo mana a shirin mako mai zuwa, muna son mu ji yadda ta kasance masa bayan damina guda.